Baron Kaka Hilma

Yuma, Arizona
Farkon Agusta

Yaya Arvid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da tsohon karenka mai warin baki. Ni dai ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ke tuna mini shekaruna duk sanda na tashi daga kujera. Zafi kuwa ba a magana. Jiya na kama sitiyarin mota sai da na yi ashar, ni da nake cikin mawaƙan coci. Har yanzu ina zuwa aiki gidan tsofaffin nan kwana uku a mako. Wasu daga cikin waɗanda nake yi wa allura na girme su, amma ba su sani ba.

Wasiƙa biyu na aiko maka tun bazara, ko layi ɗaya ban gani ba. Waya kuwa da kai aikin banza ne tunda ramin tama ya cinye maka kunnuwa, ina cewa gabas kana cewa gyaɗa. Na dai san kana raye, don da ka mutu da Fasto ya kira ni.

Zaɓe ya matso, don haka ka fito da baron Kaka Hilma ka duba tayarsa. Bana ni za a tura, ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Shekaran jiya abokiyar aikina Rosalba ta tambaye ni me ya sa nake ɗaukar hutu duk zaɓen shugaban ƙasa. Na ba ta labarin babanka, Kawu Toivo, ɗan ƙungiyar ma'aikata, wanda jam'iyyar nan mai alamar jaki ke cikin jininsa, da babana Elmer mai shagon ƙusoshi da fenti, ɗan ɗaya jam'iyyar mai alamar giwa, shi ma na gidi. Na gaya mata yadda suke lalata mana abincin ranar Lahadi da gardama, har Kaka ta gaji ta kafa musu doka. Ranar Asabar bayan zaɓe, wanda ɗan takararsa ya faɗi shi zai tura wanda ya ci a baron lambunta, daga ƙofar coci har gada. Wanda ya faɗin yana da damar amayar da duk abin da ke cikinsa, wanda ya ci kuwa ba shi da bakin magana. Da an kai gada magana ta ƙare, sai bayan shekara huɗu, kowa ya dawo gida a sha gahawa da burodi mai kirfa. Na ce mata da suka rasu ni da kai muka gaje su. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce mutanen arewa sanyi ya taɓa mana kai.

Ka tuna wancan karon? Kana zaune kamar buhun dankali, ina haki ina zazzaga maka maganar haraji, kai kuma kana ɗaga wa mutane hannu kamar wani gwamna. Bana sai na rama. Jiya na sayi ƙwai da madara da burodi, yarinyar kanti ta faɗi kuɗin, na ce ta sake dubawa ko ta haɗa da kayan wani. Maganar iyakar ƙasa kuma kada ma ka fara. Ku da kuke can kusa da Kanada kuna ganinta a talabijin, ni daga tagar wurin aiki nake hango katangar. Rosalba ma, da iyayenta suka ƙetaro ta can, cewa take a yi abu bisa tsari. Na san za ka ce mutumina, ɗan takararmu, baki gare shi kamar reza. Ban ce zan aure shi ba, ƙuri'a kawai zan ba shi.

Ka rubuto. Ka gai da Duane maƙwabcinka da matarsa.

Ƙanwarka,
Marlys

*

Elk Prairie, Minnesota
Satumba

Marlys,

Na ga wasiƙunki. Ina lafiya. Kare yana lafiya. An fara sanyin safe.

Bana ba zan yi zaɓe ba. Na gaji da su duka. Naku ya zo garin nan da alkawari, namu ya zo da alkawari, asibiti dai yana nan a rufe, mace mai naƙuda sai an yi doguwar tafiya da ita. Wani ya ce a buɗe sabon ramin ma'adinai a samu aiki, wani ya ce zai lalata tafki, kuma duk masu faɗin ba su taɓa kwana a nan ba.

Garin ba yadda kika san shi yake ba. A shagon gahawa na Irma, dogon teburin nan da muke zama an raba shi biyu. 'Yan giwa ta taga, mu ta bakin banɗaki, mu ɗin ma saura huɗu. Ana sace allunan kamfe daga ƙofar gidajen mutane. Ba lokacin wasan baro ba ne.

Baron na ba matar Duane ta shuka furanni a ciki. Ya yi kyau a gaban gidansu.

Kada ki ɓata kuɗin jirgi.

Arvid

*

Yuma
Satumba

Arvid Koskela,

Ina fatan kana lafiya, tunda ka ce kana lafiya. Ni gwiwa ta yi sauƙi, zuciya ce ta ɓaci.

Wata biyar ina jira, abin da zan samu ke nan? Takarda bugun keken rubutu, kamar daga ofishin haraji? Shekara talatin da ɗoriya kana aiko mini da wannan rubutun naka mai kama da tafiyar kaza, ina karantawa ba ƙorafi. Yau na zama wadda ake buga wa takarda. Ko “ƙanwata” babu a ciki.

Kuma furanni. Baron da babanka ya tura babana a ciki yana zaginsa da yaren Finland don kada mu yara mu ji, shi ka mayar tukunyar fure a ƙofar gidan wani. Ba naka ne kai kaɗai ba, kakarmu ɗaya. Da ka tambaye ni.

Bari in faɗa maka abin da na karanta a takardarka, tunda kai ba ka da ƙarfin halin rubutawa. Ka shiga sahun masu cewa duk wanda ya zaɓi giwa mugu ne, ba a zama da shi. Na san irinsu, wata a cocinmu ta daina zama benci ɗaya da ni saboda takardar da na manna a motata. Ban taɓa zaton abin zai zo har gidanmu ba. In kunyar a gan ka da ni a titi kake ji, ka fito fili ka faɗa.

Maganar ba za ka yi zaɓe ba kuwa, wannan ka gaya wa wanda bai san ka ba. Kai da ka taɓa zuwa rumfar zaɓe da karyayyar ƙafa, matarka marigayiya Bernice tana riƙe da kai tana yi maka faɗa. Ka je ka zaɓi jakinka. Ra'ayinka banza ne, na sha gaya maka, amma naka ne, kuma ban yarda ka zauna a gida da shi ba.

Marlys

*

Yuma
Tsakiyar Oktoba

Yaya Arvid,

Ina gaisuwa. Ina fatan sanyi bai matsa maka ba, kuma ka sa an share maka bututun murhu kafin ka fara hura wuta. Nan zafi ya sauka, har ina iya zama a waje da yamma.

Shiru ya yi yawa. Na san na yi zafi a waccan wasiƙar, halin gidan Dahl ne, ka san babana. Ban janye maganar furanni ba, amma sauran ka rage musu nauyi.

Na riga na aika ƙuri'ata ta gidan waya. Da na jefa ta cikin akwati sai na ji ba daɗi, kamar na dafa abinci ba mai taya ni ci. Duk shekarun nan ina zaɓe ne ina hango ka can kana ɓata mini ƙuri'a, ni ma ina ɓata taka, mu tashi babu wanda ya ci wani. Bernice takan ce da mun zauna a gida mu biyu da ƙasar ba ta san an yi ba.

Kwanan nan ina yawan tuna shekarar da dusar ƙanƙara ta sauka da wuri, tayar baro ta ƙi tafiya, Kawu Toivo ya ce doka doka ce, ya ɗaura igiya ya ja babana kamar itacen wuta. Babana yana ciki da hular coci, fuska ta yi ja, yana son ya rama maganar albashin ma'aikata, Kaka tana biye da su da ludayi. Da muka dawo gida su biyun suka shige ɗakin wankan tururi, muna jiyo dariyarsu daga kicin. Ina kewar wannan garin ƙwarai, kuma kai kaɗai ka rage wanda zan ce wa “ka tuna” ya ce ya tuna.

Na kira gidanka sau da yawa, ba a ɗauka. In ban ji daga gare ka ba zan kira Duane, kuma ka san in na fara da shi sai duk garin ya ji.

Ƙanwarka,
Marlys

*

Elk Prairie
Oktoba

Ƙanwata Marlys,

Ga “ƙanwata” nan na sa, sai ki kwantar da hankalinki. Ina gaishe ki, ina gai da gwiwa. Kada ki kira Duane. Wannan wasiƙar za ta ɗauke ni kwanaki, don da yatsa ɗaya na hagu nake buga ta a keken rubutun Bernice.

Ban ce miki ina lafiya don in yaudare ki ba, lafiyar ce dai ta ragu. A watan Afrilu ina faskare a bayan gida sai gatari ya faɗi daga hannuna, na sunkuya in ɗauka, na bi shi. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Duane ne ya hango ni ta kan shinge. 'Yarsa Kristin ta tuƙa mu zuwa asibitin birni, tana gudu kamar an biyo ta, shi kuma yana riƙe da kaina a baya yana ce mini kada in kuskura in mutu a motarsa. Yanzu ina tafiya da sanda. Bakina yana ɗan ja, shi ya sa ba na ɗaukar waya. Hannun dama kuwa yana nan kamar na aro.

Ke ma'aikaciyar jinya ce. Na san da kin ji za ki bar aikinki ki zo ki tsaya a kaina da cokali, shi ya sa na yi shiru.

Maganar zaɓe, abin da na faɗa kan asibiti da teburin Irma gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Jarida ta buga samfurin takardar ƙuri'a, na zauna a kicin na gwada cika 'yar da'irar nan ta gefen sunan ɗan takara da hagu. Marlys, alƙalami ya zame, na tashi na zaɓi mutuminki. Na sake gwadawa na zaɓi wani da ban taɓa jin sunansa ba. An ce akwai na'ura ta masu lalura, an kuma ce mutum yana iya zuwa da mai cika masa. Na'urar a bakin ƙofa take, kowa yana kallo, kuma matan da ke aikin zaɓen duk ƙawayen Bernice ne, za su yi ta ce mini sannu. Mai cikawa kuma wa zan kai? Duane ya ceci raina, amma allon giwar da ke gaban gidansa ya kai ƙofar gareji. Ba zan sa shi ya cika wa jaki ba, shi ma ba zan so ya ga hannuna yana rawa ba.

Sai babbar maganar. In na faɗi zaɓe, ba zan iya tura ki ba. Ko buhun abincin kare ba na iya ɗagawa. Babana bai taɓa faɗuwa zaɓe ya kasa kama hannun baro ba, har shekarar da huhunsa ya lalace. Na ga gara in ce na fita daga wasan da in tsaya a ƙofar coci ina kallon baro ina kallonki. Na ba da shi ne don in daina ganinsa a rumfa.

Kunyar a gan ni da ke kuma, wannan maganar ta yi mini zafi. Tun kina da kitso biyu kike ba ni kunya a garin nan, ban taɓa gudunki ba.

Ra'ayinki dai har yanzu banza ne. Ki tambayi tsofaffin da kike yi wa allura wa zai biya kuɗin maganinsu in an taɓa inshora. Ni na ga takardar asibitina, da ba don fanshon ƙungiya da inshorar gwamnati ba da yanzu gidan nan na banki ne.

Yayanki,
Arvid

*

Yuma
Ƙarshen Oktoba

Yaya,

Sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta, na yi kuka, na kuma zage ka, duk a tsaye a bakin akwatin wasiƙu.

Na sayi tikiti. Zan iso ranar Lahadi kafin zaɓe, Duane zai ɗauko ni daga filin jirgi. E, na kira shi. Ba cokali zan zo da shi ba, alƙalami ne. Ka ce wa matarsa ta nemi wata tukunyar.

Marlys

*

Yuma
Ƙarshen Nuwamba

Yaya Arvid,

Na iso lafiya, na koma aiki. Kafaɗuna har yanzu ciwo suke, kuma kai ne sanadi. Ina fatan kana zuwa gashin hannu kamar yadda muka yi, kana kuma matsa ƙwallon nan da na bar maka, ba kare ka ba wa ba.

Zan rubuta yadda abin ya faru tun kafin ka canza labarin a shagon Irma.

Ranar Talatar zaɓe ka sa rigar ƙungiya, ka ƙi yarda in riƙe ka a matakala. Da muka shiga bayan labule ka ce, “Ki cika ta ta yi baƙi ƙirin, ina kallonki.” Ni Marlys 'yar Elmer Dahl, da hannuna na cika wa jaki da'ira. Na ji kamar babana yana tsaye a bayana yana gyaran murya. Na bi layi ina cikawa kana gyaɗa kai, har muka zo kan kujerar majalisar jiha, inda Kristin 'yar Duane take takara a giwa. Sai ka ce a hankali, “Wannan ki ba yarinyar. Ta iya tuƙi.” Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba, amma ka sani na ji daɗi.

Mutumina ya ci, kamar yadda na gaya maka tun Agusta. Na yi zaton zan yi murna fiye da haka.

Ranar Asabar Duane ya juye ƙasar furannin, sanyi ma ya riga ya kashe su, ya yi wa taya iska. Garin babu mutane sosai, maza sun tafi farautar barewa. Muka tsaya a ƙofar coci muna gardama. Na ce tunda dole ni zan yi turi, to ni ke da magana. Ka ce a'a, Kaka ba don mai ciwon hannu ta yi dokar ba, don mai ciwon zuciya ta yi, kuma kai ne ka faɗi. Haka na ci zaɓe na tashi da turi da kuma rufe baki. Babana yana can yana juyi a kabari.

Na shirya jin maganar inshora da fansho har gada. Ka fara kuwa, ka ce mun zaɓi wanda bai san farashin burodi ba, za mu gani a jikinmu. Amma da muka wuce gidan waya sai ka bar siyasa, ka koma nuna gidaje da sandarka. Nan gidan Maki mai gyaran takalmi, ɗan jaki, shi ya yi wa babana dashen lambu da ya kwanta ciwo. Nan gidan Olson, 'yan giwa, su suka ciyar da ku lokacin yajin aiki, ta ƙofar baya don kada kamfani ya gani. Nan shagon babana, yanzu ana sayar da wayoyi. Nan ka fara ganin Bernice tana share ƙanƙara. Kana faɗa bakinka yana ja, wasu kalmomin sai na sunkuyo nake ji. Da muka zo ta gaban shagon Irma, na teburin taga da na bakin banɗaki duk suka taso suna leƙe, wani ya ɗaga kofinsa. Ban san ko na wane teburi ba ne.

Ka tambaye ni me ya sa na tsaya a gaban gidan Kaka. Ka ɗauka gajiya ce. Bayanka kake ba ni, ba ka ga fuskata ba, kuma gara da ba ka gani ba.

Saura kaɗan mu kai gada ka ce, “Da kika yi shiru bayan waccan wasiƙar mai zafi, na ɗauka shi ke nan. Na ɗauka ba mai sake zuwa.” Ina da amsa a bakina, amma doka ta hana ni magana. Da muka kai gada kuma magana ta ƙare, Duane ya iso da mota, muka tafi shan gahawa. Har na hau jirgi abin yana cina.

To ga amsar. Zan zo. Ko wa ya tsaya takara, ko wa ya ci, ko da ni ma da sanda nake tafiya, in dai ina numfashi za ka gan ni a ƙofar coci. In mun kasa turi mu biyun, sai mu ɗora sandunanmu a ciki mu ja shi tare.

Ka gai da Duane da matarsa, ka ce ina ba ta haƙurin furanni.

Ƙanwarka,
Marlys

*

Elk Prairie
Disamba

Marlys,

Lafiya lau. Dusar ƙanƙara ta rufe gari. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannun dama na yi shi, tun safe nake fama. In kin ce tafiyar kaza ce, to kazar ta bugu.

Baro ya dawo rumfa. Na shafa wa ƙafarsa mai.

Kullum ina zana da'ira a bayan jarida ina cikawa, yawancinsu yanzu ba na fita layi. Ƙuri'a ta gaba ni zan cika da kaina, don ban yarda da ke ba.

Amma ki zo.

Yayanki,
Arvid